Sirrinki A Hanyar Intanet: Wa Ke Iya Leƙa Saƙonki?

 Hirarmu ta yau a kan wani abu ce da yawancinmu muke taɓawa kullum ba tare da mun lura da shi ba, wato hanyar da saƙonmu yake bi idan muka shiga intanet, da kuma waɗanda suke iya leƙa shi kafin ya isa inda muka aika shi. Kada wata ta ce ai wannan magana ce ta masu ilimin kwamfuta. In dai kina tura kuɗi ta waya, ko kina tallar atamfa da turaren wuta a Facebook, ko kin taɓa cike wa ɗanki fom ɗin jarrabawa, ko kuwa kin taɓa neman bayani a kan wata lalura ta mata wadda ba ki so kowa ya sani, to maganar taki ce.

Bari mu fara da sanin sunayen abubuwa. Manhajar da kike buɗewa a waya ko a kwamfuta don ki shiga shafukan intanet ita ake kira burauza. Chrome burauza ce, haka Firefox da Opera da Safari. A can samanta akwai wani ɗan dogon gurbi inda adireshin shafi yake fitowa. Idan kika duba cikakken adireshin, za ki ga ko dai ya fara da http, ko kuma ya fara da https. Bambancinsu harafi ɗaya ne tak, amma a kan wannan harafin na s ne duk hirarmu za ta tsaya.

Ki ɗauka kina Kano, kina son aika wasiƙa ga yayarki a Maiduguri. Kin ba yaro ya kai tasha, yaro ya ba ɗan kamasho, ɗan kamasho ya ba direba, direba ya isa ya ba wani mai shago ajiya, sannan aka zo aka karɓa. Hannu nawa ta bi? To haka saƙon intanet yake. Daga wayarki sai ya bi ta waifai ɗin da kika hau ko ta eriyar kamfanin waya, ya ratsa na'urorin kamfanin, ya bi ta wasu kamfanonin da ba ki taɓa jin sunansu ba, wani lokaci har ta wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, kafin ya isa babbar kwamfutar da shafin yake zaune a kanta. Idan adireshin http ne, wasiƙarki ba ta da ambulan. Duk hannun da ta bi yana iya karantawa, yana iya kwafa, har ma yana iya goge wata kalma ya rubuta tasa. Idan kuwa https ne, wasiƙar tana cikin akwati an ɗana mata kwaɗo.

Ta yaya ake ɗana kwaɗon? Da zarar kin buɗe shafi, kafin ki ga komai, burauzarki da kwamfutar shafin sun riga sun gaisa. Shafin zai nuna wata takardar shaida da ke cewa lallai shi ne mai wannan adireshi, kuma wata hukuma da burauzar ta amince da ita ce ta sa wa takardar hannu. Daga nan sai su biyun su yi wani lissafi su fitar da mabuɗi na sirri wanda babu mai shi sai su. Duk abin da kika rubuta sai a hargitsa shi da wannan mabuɗi ya koma tarkacen haruffa da lambobi marasa ma'ana, ba ya komawa daidai sai ya isa can. Duk wannan yana faruwa ne kafin ki ƙifta ido. Kamfanin Netscape na Amurka ne ya fito da wannan dabara a 1995 da sunan SSL, aka gyara ta a 1999 aka sa mata suna TLS, kuma har yau ita ake ta ingantawa.

To tunda dabarar ta daɗe haka, me ya sa ba a kulle komai tun farko ba? Kuɗi da ganda. A wancan lokaci takardar shaidar sayenta ake yi duk shekara, haɗa ta yana da wuya, kuma masu shafuka suna ganin kullewa tana rage wa shafi sauri. Saboda haka bankuna da masu sayar da kaya ne suka fi amfani da ita. Sauran shafuka, har da manya irin su Facebook da Twitter, sai suka ɗauki wata ɗabi'a: su kulle wurin da kike rubuta kalmar sirri kawai, da kin shiga kuma sai a ci gaba da hira a fili.

Illar wannan ita ce, idan kika shiga shafi da kalmar sirrinki, ba ya sake tambayarki a kowane motsi. Wata 'yar shaida yake ba burauzarki, masana suna ce mata kuki, kamar dai katin shiga holin biki. Mai gadi ba ya tambayar sunanki, katin yake dubawa. Duk wadda ta riƙo katin za ta shiga ta zauna a kujerarki. To wannan katin ne yake yawo a hanya ba ambulan.

A nan ne za mu kawo abu na biyu, wato manhajar ƙari. Wata 'yar ƙaramar manhaja ce da ake maƙala wa burauza don ta koya mata wani aiki da ba ta zo da shi ba. Wata tana toshe tallace-tallace, wata tana fassara shafi, wata tana adana kalmomin sirri. Ki ɗauke ta kamar 'yar aiki da kika ɗauko ta taya ki hidimar gida. A shekarar 2010 an fitar da irin waɗannan manhajoji guda biyu, wata huɗu tsakaninsu, waɗanda suka taimaka wajen sauya yadda duniya take shiga intanet.

Ɗaya sunanta Firesheep. Wani masanin kwamfuta Ba'amurke mai suna Eric Butler ne ya fitar da ita a watan Oktoba na 2010. Aikinta shi ne ta zauna a kan waifai na jama'a, irin na otal ko filin jirgi ko gidan shan shayi, ta riƙa tsintar katunan mutanen da ke wurin. Sai sunayensu da hotunansu su jero a gefen allo. Mutum ya danna hoton wata, sai ga shi a cikin Facebook ɗinta, yana karanta saƙonninta, yana iya rubutu da sunanta. Masana sun daɗe da sanin wannan ɓaraka, sun yi ta faɗa ba a ji ba. Shi Butler ya ce ya yi haka ne don ya tilasta wa kamfanoni su gyara. Cikin kwana ɗaya aka sauke manhajar fiye da sau 100,000. Ba a daɗe ba, a watan Janairu na 2011, Facebook ya ba mutane zaɓin kulle duk hirarsu, a 2013 kuma ya mai da kullewar ta zama ta kowa da kowa.

Ɗayar kuma, wadda ta riga ta fitowa a watan Yuni na 2010, sunanta HTTPS Everywhere, ma'ana a sa kwaɗo ko'ina. Wata ƙungiya mai kare haƙƙin masu amfani da intanet da ke birnin San Francisco, wadda ake kira EFF, ita ce ta yi ta tare da masu aikin Tor. Ta fara ne a kan Firefox, a 2012 aka yi ta Chrome. Ina so mu ɗan tsaya a kan yadda aka ƙera ta, domin a nan darasin yake.

Masu ƙirar sun lura cewa shafuka da yawa suna da ƙofa biyu, buɗaɗɗiya da mai kwaɗo, amma idan ba ki nemi mai kwaɗon da kanki ba, ta buɗaɗɗiyar za a shigar da ke. Sai suka ce bari mu yi 'yar aikin da za ta tsaya a bakin ƙofa, duk lokacin da uwargida ta nufi buɗaɗɗiyar ƙofa ta juya ta zuwa mai kwaɗo tun saƙon bai bar gida ba.

Wata za ta ce, to ai abu ne mai sauƙi, a ƙara harafin s a kowane adireshi mana. Da sun yi haka da rabin intanet ya daina buɗewa, domin shafuka da yawa a lokacin ba su da ƙofa mai kwaɗo sam. Wasu kuma suna da ita amma a wani lungu daban. Wikipedia, alal misali, a wancan lokaci ƙofarta mai kwaɗo tana wani adireshi ne dabam da wanda kowa ya sani. Don haka sai suka rubuta kundin ƙa'idoji, kowane shafi da tasa: idan an nufi wuri kaza, a juya zuwa wuri kaza, amma ban da sashe kaza domin shi yana lalacewa. Masu aikin sa kai daga ƙasashe daban-daban suka riƙa rubuta waɗannan ƙa'idoji ɗaya bayan ɗaya har suka kai dubbai. Aiki ne irin na tsintar tsakuwa a shinkafa, kuma ba ya ƙarewa, domin duk shafin da ya sauya tsari sai an sake gyara ƙa'idarsa.

Akwai shawarwari biyu da suka yanke waɗanda suka sa aka amince da su. Na farko, kundin yana zaune ne a cikin kwamfutarki. Manhajar ba ta buƙatar ta aika wa kowa tambaya cewa ga inda uwargida za ta, ina zan kai ta? Da ta yi haka, da an gudu ba a tsira ba, an ɓoye wa direba an gaya wa 'yar aiki ta kai rahoto. Na biyu, sun bar rubutun manhajar a fili, duk mai ilimin abin yana iya dubawa ya ga me take yi da me ba ta yi. Kuma kada ku ɗauka maza ne kaɗai a aikin. Yan Zhu da Alexis Hancock, dukansu mata ne injiniyoyi, kowacce ta riƙe ragamar wannan manhaja a zamaninta.

Sai dai akwai abin da ta kasa. Ba ta iya ƙirƙirar kwaɗo a ƙofar da mai gida bai sa ba. Wannan ya sa EFF da Mozilla, masu Firefox, da wasu abokan aikinsu suka kafa Let's Encrypt, wadda ta buɗe wa kowa a ƙarshen 2015, tana ba da takardar shaida kyauta, kuma na'ura ce take sabunta ta da kanta. Uzurin kuɗi ya faɗi. A watan Yuli na 2018 Chrome ta fara rubuta gargaɗi a gefen duk adireshin http cewa ba shi da tsaro, masu shafuka suka ji kunya suka gyara. A watan Nuwamba na 2020 Firefox ta sa wannan aiki na juya mutum zuwa ƙofa mai kwaɗo a cikin jikinta, sauran burauzoji suka biyo baya. Da EFF ta ga haka, sai ta sanar a 2021 cewa manhajarta ta gama aikinta, a farkon 2023 kuma aka yi mata ritaya. Saboda haka idan wani ya ce ki sauke ta yau, ki ce masa an wuce wurin. Abin da take yi yana cikin burauzarki, kunna shi kawai za ki yi.

To 'yar uwa, tunda yanzu yawancin manyan shafuka suna da kwaɗo, shi ke nan mun tsira? Da sauran rina a kaba. Akwai abubuwa uku da kwaɗon ba ya yi, kuma ta nan ake cutar mutane a yau.

Na farko, ba ya ɓoye inda kika je. Direba bai san abin da ke cikin akwati ba, amma ya san gidan da aka ce ya kai. Galibi kamfanin wayarki ko mai waifai yana iya ganin sunan shafin da kika buɗe, da lokacin, da yawan datar da kika ci. Abin da ba ya gani shi ne wane sashe kika karanta da abin da kika rubuta. Shi kuwa mai shafin yana ganin komai, tunda shi aka aika wa. Haka kuma wannan tagar sirri da burauza take da ita, wadda ake buɗewa don kada a ga tarihin inda aka shiga, wayarki kawai take hana ajiye tarihin. Ba ta ƙara wa hanya tsaro ko kaɗan.

Na biyu, kwaɗo ba ya shaidar halin mai gida. Takardar shaidar cewa take yi wannan adireshi na mai wannan kwamfuta ne, ba ta ce mutumin kirki ba ne. Ɗan damfara ma yana iya buɗe shafi mai kama da na bankinki, ya sauya harafi ɗaya a sunan, ya karɓi takardarsa kyauta, ya ɗana kwaɗonsa. Ki rubuta lambar BVN ɗinki da lambar katinki, su tafi a kulle tsaf, ba wanda ya gani a hanya, su faɗa hannun ɓarawo. Kamfanin Google da kansa ya ce a wani bincike da ya yi, kashi 11 cikin 100 ne kawai suka fahimci ainihin ma'anar hoton kwaɗon, shi ya sa a 2023 ya cire shi daga Chrome ya sa wata alama daban. Saboda haka sunan shafin za ki karanta harafi bayan harafi, musamman idan ta saƙon waya ko WhatsApp aka turo miki adireshin ana cewa ki yi sauri za a rufe asusunki, ko wai ana rabon tallafi.

Na uku, kuma shi ne ya dawo da mu kan manhajar ƙari: kwaɗo hanya yake tsarewa, ita kuwa 'yar aiki a cikin ɗaki take. Tana ganin wasiƙar tun kina rubuta ta, kafin a sa a akwati, tana kuma ganin amsar bayan an buɗe. Lokacin da za ki maƙala manhajar ƙari, burauza takan nuna miki izinin da take nema. Da yawa suna neman izinin karantawa da sauya duk abin da ke kan duk shafin da kika buɗe. Mu kuwa sai mu danna amincewa ba mu karanta ba. Wannan izini ɗaya shi mai toshe talla na gaskiya yake buƙata don ya yi aikinsa, shi kuma ɓarawo yake buƙata don ya kwashe kalmar sirrinki. Hausawa suka ce da ɗan gari akan ci gari.

Kuma 'yar aikin kirki ma tana iya sauya uwargijiya ba ki sani ba. Akwai wata manhajar ƙari mai suna Stylish da mutane suke sauya wa shafuka launi da ita. Ta yi shekaru lafiya lau, sai aka sayar da ita, a 2018 aka gano tana tattara adireshin duk shafin da masu amfani da ita suka buɗe tana aikawa, Firefox da Chrome suka cire ta daga rumbunansu a lokacin. Wata kuma, The Great Suspender, mai rage wa kwamfuta nauyi, mai ita ya sayar da ita a 2020 ga wanda ba a san ko wane ne ba, a watan Fabrairu na 2021 Google ya cire ta saboda an cusa mata mugun abu. Waɗanda suka maƙala ta tun tana ta kirki ba su yi wani sabon kuskure ba. Manhajar ƙari tana sabunta kanta ne da kanta, suna barci aka sauya musu ita.

To me za mu yi? Ba sai kin zama injiniya ba. Ki shiga saitin burauzarki, sashen tsaro da sirri, ki kunna zaɓin da ke cewa a riƙa amfani da hanya mai tsaro koyaushe. Chrome tana da shi, Firefox ma tana da shi. Daga ranar, duk shafin da ba shi da kwaɗo sai an yi miki gargaɗi kafin a buɗe. Idan kika ga irin wannan gargaɗi, ko aka ce takardar shaidar shafi ba ta inganta ba, kada ki rubuta kalmar sirri ko lambar kati a wurin. Wani lokaci kwanan watan wayarki ne ya rikice, ki duba shi tukuna. In daidai yake, ki haƙura da shafin.

Idan kina da kwamfuta a gida ko a ofis, ki buɗe jerin manhajojin ƙari da ke cikin burauzar ki duba su ɗaya bayan ɗaya. Wadda ba ki san ta ba, ko wadda kika daɗe ba ki yi amfani da ita ba, ki cire. Sau da yawa yara ne suke maƙala su garin neman wasa ko sauke fim, wani lokaci kuma mai gyara ne. Kafin ki sa sabuwa, ki tambayi kanki: wa ya yi ta, kuma izinin da take nema ya yi daidai da aikinta? Manhajar da aikinta nuna miki yanayin zafi da sanyi ne, me ya haɗa ta da karanta duk shafukanki? Kada kuma ki sauke ta daga ko'ina sai rumbun burauzar na asali. Masu shiga da waya kuwa, Chrome ta wayar Android ba ta karɓar manhajar ƙari, amma Firefox tana karɓa, kuma wannan ƙa'idar ta duba izini ita ce dai za ki bi wa kowace manhaja da kike saukewa a waya.

Ga masu son Opera Mini saboda tana rage cin data, ku sani cewa a tsarinta na matse data sosai, shafin yana biyawa ne ta kwamfutocin kamfanin, su buɗe shi su matse sannan su aiko miki. Don karanta labarai ba laifi. Harkar kuɗi kuwa, gara ki yi ta a manhajar bankinki ko a burauzar da ke kai ki kai tsaye.

Sai kwamfutar kafe ko ta shagon da ake cike fom. Ba ki san 'yan aikin da ke cikin wannan burauzar ba, ba ke kika ɗauke su ba. In dole ta sa kika shiga imel ɗinki a can, ki tabbata kin fita daga asusun kafin ki tashi, rufe shafin kawai bai isa ba, domin katin shigarki yana nan. In kin koma gida ki sauya kalmar sirri. Kuma idan burauza ta ce tana son sabuntawa, ki bar ta ta yi ko da za ta ci 'yar data, domin ɓarakar da aka gano ake toshewa.

Iyaye mata, ku zaunar da 'yan matanku ku duba wayoyin nan tare, ku nuna musu inda adireshi yake da yadda ake karanta shi. Wadda ta fi ki sanin waya a gidan, ki sa ta ta kunna miki saitin da muka ambata yau ɗin nan, ki tsaya a kanta ki ga yadda ta yi don gobe ki yi da kanki, ki kuma nuna wa maƙwabciyarki.